Batta, Akushi da Keken Sassaƙa: Tarihin Ƙaramin Mazubi Mai Murfi a Ƙasar Sakkwato



Abin da zan yi magana a kansa ƙaramin abu ne, har ina kyautata zaton wasu daga cikin mahalarta sun yi murmushi sa'ad da suka ga kan wannan takarda a jerin laccocin taro. Batta dai ba ta fi cikin tafin hannu ba, kuma ba a taɓa jin an yi yaƙi a kanta ba. To, amma wanda ya saba da tarihin sana'o'i ya san cewa ƙananan kayan ɗaki sukan riƙe labarin masu su da gaskiya, domin ba wanda ya damu da ya gyara musu tarihi. Tambayar da ta haifar da takardar ita ce: me ya sa masassaƙan ƙasar Hausa, duk da gwanintarsu, ba su riƙi keken sassaƙa ba, alhali kuwa mutanen arewa da na gabas, waɗanda muka daɗe muna ciniki da su, sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi? Amsar da aka saba ji, har daga bakin wasu malaman fasaha a kwalejojinmu, ita ce wai rashin sani ne da ci-baya. Ni kuwa ina ganin wannan amsa ta yi gaggawa, kuma ta jawo mana hasara a makarantu, kamar yadda zan nuna nan gaba. Misalaina na gida zan ɗebo su daga yankin Boɗinga da Shagari, musamman Horo Birni inda na tashi.

Kafin mu yi nisa ya kamata in bayyana abin da nake nufi da keken sassaƙa. Na'ura ce da ake ɗaure guntun itace a tsakanin tsinin ƙarfe biyu, ko a cikin wani baki mai damƙa, a sa shi ya riƙa juyawa da sauri, shi kuwa mai aiki ya kafa kaifin ƙarfensa a jikin itacen yana fere shi har ya fito a kewaye sosai, ba tudu ba kwari. Na ba shi wannan suna ne bisa ƙiyasin keken ɗinki da keken rubutu. Bambancinsa da sassaƙar da muka gada a fili yake, watau a wurin masassaƙinmu itace yana zaune ne gizago na kai da kawowa, a keke kuwa itacen ne ke gudu ƙarfe na tsaye.

Mai yin batta a keke yakan ɗauki guntun busasshen itace ya fere shi har ya zama kamar gaɓar rake, sa'an nan ya yanke shi biyu, ƙaramin ɓangaren ya zama murfi, babban ya zama jiki. Murfin yake fara rarakewa ya yi masa baki, kana ya dawo kan jikin ya fitar masa da wuya, yana gwadawa yana ragewa kaɗan-kaɗan, har murfin ya zauna daram. Da yake daga gungume ɗaya aka fitar da su, in an rufe sai zanen jijiyar itacen ya haɗu kamar ba a taɓa yankawa ba. Wannan haɗuwa, da 'yar ƙarar da murfi ke yi in an zare shi, su ne abin da ake yaba wa gwani a kansu. Ina roƙon mahalarta su riƙe maganar nan ta dacewar murfi, domin a kanta jayayyar take.

Keken a wurin maƙwabtanmu

Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan wannan keke da aka sani yana jikin bangon kabarin wani babban mutum mai suna Petosiris, a Tuna el-Gebel ta ƙasar Masar, kuma an zana shi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Mutum biyu ne a hoton, ɗaya na jan igiyar da aka naɗe a jikin itacen, ɗaya na riƙe da ƙarfe. Daga baya aka sami dabarar ɗaura igiyar a jikin baka, irin na maharba, ta yadda mutum ɗaya zai ishi kansa. Da wannan keke mai baka ne masassaƙan Alƙahira suka fere dubban 'yan guntayen itacen da ake harhaɗawa a yi tagogin nan masu raga da ake kira mashrabiyya. Wanda ya shiga kasuwar Marrakesh ta Maroko zai iya tarar da irinsa, mutum na zaune a ƙasa yana jan baka da hannu ɗaya, yana tallafar ƙarfe da ɗaya hannun da yatsun ƙafarsa. Kayan aikin duka ba su wuce katako biyu da tsinin ƙarfe da baka da tsirkiya ba, abin da kowane maƙerin ƙauye zai iya haɗawa cikin yini guda.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Sudan. A can akwai wani mazubi na itace mai murfi da suke kira huƙ, wanda ake ferewa a keke a shafa masa jan launi mai ratsi, ana zuba masa turare da kayan ƙamshi, kuma yana daga cikin kayan da ake jerawa a gaban ango da amarya ran biki.

Shin mutanen ƙasar Sakkwato sun san da waɗannan abubuwa? Lalle sun sani. Hanyar hajji ta ƙasa takan bi ta Sudan ko ta Masar, kuma alhaji yakan yi shekaru a hanya yana sana'a yana neman guzuri. Fataken Gadamas da na Tarabulus suna da unguwarsu a Kano. Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ba da labarin wani magini mutumin Zazzau da ya tarar yana gina masallaci a birnin, wanda mahaifinsa ya zauna a Masar ya koyo wani abu na fasalin gininsu ya bar wa ɗan. Ashe ke nan ilmin sana'a yana tahowa daga Masar har Sakkwato in akwai mai bukatarsa. Shi kansa Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya kuwa ambaci masu aikin itace tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina. Daɗin daɗawa, bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'a mai yawa Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kuma zumunci bai yanke tsakaninsu da gida ba. Mutanen da ke da wannan irin cuɗanya ba za a ce ba su taɓa ganin ferarren itace ba. Sun gani, sun ɗauki abin da suka ɗauka na littattafai da tufafi da turare, suka bar keken a inda suka same shi.

Abin da masassaƙinmu ke yi

Yankin da nake magana a kansa ba bayan gari ba ne a tarihin Daular Usmaniyya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga a wannan lokaci, ɗalibai da baƙi na tahowa daga ko'ina. Heinrich Barth ya bi ta waɗannan garuruwa a 1853 a kan hanyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu. Watau ƙasa ce ta kan hanya, mai jama'a da kasuwanni, inda mai sana'a ba ya rasa mai saye.

Masassaƙin wannan ƙasa, kamar sauran 'yan'uwansa na ƙasar Hausa, shi ke yin turmi da taɓarya da akushi da ƙoshiya da muciya da allo da kujerar mata da ƙotar fartanya da jikin ganga. Dukkansu daga gungume ɗaya yake fitar da su, ba ƙusa ba danƙo. Kayan aikinsa gatari ne da gizago manya da ƙanana, da ƙarfe mai lanƙwasa na rarake ciki, da wuƙar kankara. Babban jarinsa kuwa sanin itace ne: ƙirya ta turmi ce saboda taurinta, aduwa ta allo ce, ɗanya ta akushi ce domin tana da sauƙin sara. Ya san wanda gara ke ci da wanda take ƙi, da wanda ke sa wa abinci ɗaci. J. M. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, daga bakin Hausawan ƙasa ya ɗebi sunayen da ya rubuta.

A ɗauki akushi a duba shi da kyau. Da ido da gizago kaɗai aka fitar da kewayensa, amma sai mutum ya auna kafin ya gane inda ya karkace. Mai wannan hannu ba abin da zai gagare shi a keke. Sai dai akushi ba ya bukatar murfi mai shiga daram. Faifai ake ɗora masa, ko a kifa masa wani ƙaramin akushi, tuwon maigida ya kai zaure da zafinsa.

To, ina ake zuba ƙananan abubuwan da ke son rufi sosai, irin su kwalli da garin taba da man shanu da tawada da turare? A nan ne amsar tambayarmu ta fara bayyana. A ɗakin kakata a Horo Birni, kamar yadda nake iya tunawa, akwai mazubai masu murfi fiye da goma, amma babu ko ɗaya na itace. Da fari akwai dangin duma. Allah ya hore wa wannan ƙasa tsiron da ke haifar da mazubi a shirye, babba da ƙarami, mai wuya da marar wuya: ƙwarya da gora da gyanɗama da kurtun tawada. In aka yanke kan ɗan ƙaramin duma da kyau, abin da aka yanke shi ne murfinsa, kuma zai dace da shi domin tare suka girma. Wannan ita ce ainihin dabarar da mai keke ke wahala a kanta, ta fitar da jiki da murfi daga abu ɗaya, ga shi manomi ya same ta a bayan ɗaki ba da ko anini ba. Ba banza Hausawa suka ce kowace ƙwarya da abokin burminta ba.

Sa'an nan akwai tandu da batta na fata, waɗanda a ganina su ne gwanintar da ta fi cancanta a kwatanta da battar keke. Mai yin tandu yakan gina siffar abin da yake so da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata da aka kankare, ya bar ta ta bushe ta yi tauri, kana ya farfasa yumɓun ya zazzage shi. Murfin ma da fata ake yin sa, a kan awon bakin. Abin da ke fitowa ba shi da nauyi, ba ya fashewa in ya faɗi daga kan raƙumi, yana riƙe mai, kuma murfinsa na kamawa. Mutanen Agadas da Buzaye suna da irinta, suna kiranta bata, suna yi mata ado mai kyau ƙwarai. Ƙasar da arzikinta dabbobi ne, wadda fatar jan akuyarta ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko, ba abin mamaki ba ne ta yi battarta da fata. Ga kuma adudu da masu saƙar kaba ke yi, na ajiye tufafi da tarkace. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna kayan hannu na Hausawa a baje kolin da ya shirya a London a 1976, mutanen can suka yi ta sha'awarsu, mu kuwa a lokacin muna ta musanya su da gwangwani.

Dalili na biyu yana ga itacen da yanayin ƙasar. Itace yakan tsuke in ya bushe, ya kumbura in ya sha danshi, kuma ba daidai yake yin haka ta kowane ɓangare ba. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi, ta kewayen jijiyarsa kuwa motsinsa ya kai kusan ninki biyu na wanda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Saboda haka abin da aka fere a kewaye yakan koma kamar ƙwai in ruwan jikinsa ya sauya. Masassaƙinmu ɗanyen itace yake sara, domin shi ne gizago ke ci da sauƙi, in akushi ya ɗan karkace wajen bushewa ba wanda ya yi hasara. Battar keke kuwa ba ta yafe ko kaurin gashi. Tana son itacen da aka ajiye shekara da shekaru ya bushe a inuwa, kuma ko an sami wannan, a ƙasar da hunturu ke tsattsage leɓe, watan Agusta kuwa gishiri ke narkewa a kwano, murfin da ya dace a wata guda zai cije ko ya yi sako-sako a wani watan.

Dalili na uku shi ne wanda na fi ba ƙarfi. Ko'ina aka ga keken sassaƙa ya zauna da gindinsa, ba batta ce ke ciyar da mai shi ba. Abin da ke ciyar da shi ƙafafun kujeru ne da na tebur da na gado, da sandunan taga da na matakala, watau kayan gidan da aka gina ko aka ƙawata da katako. Gidan Bahaushe na ƙasa ne da azara, gadonsa na ƙasa ne ko na kara, zamansa a kan tabarma da buzu. Ba wanda zai zo wa masassaƙi da cinikin ƙafar tebur guda arba'in. Harshe ma ya ba da shaida a nan, domin sunayen da muke kiran babban mazubi na haɗaɗɗen katako baƙi ne: sanduƙi daga Larabci, adaka daga harshen Asante ta hanyar fataken Gwanja, akwati kuwa ɗan'uwan apoti ne na Yarbanci. Haka kalmar kafinta, kowa ya san daga Ingilishi take. Bugu da ƙari, masassaƙin ƙauye manomi ne da damina, sai da rani yake ɗaukar gatari ya bi itace har inda yake a daji, ya rage masa nauyi a can kafin ya ɗauko. Gizago na shiga cikin burgame. Keke kuwa na mai rumfa ne a birni, wanda ake kawo wa busasshen katako har inda yake zaune.

Sana'a a nan, abin sha'awa a can

A Turai keken ya bi wata hanya da ya kamata mu duba, domin daga can ya zo mana. Tun ƙarni na 13 suna da wanda ake takawa da ƙafa, igiyarsa na ɗaure a jikin wata sanda mai lanƙwasa a sama, kuma masu wannan sana'a a London sun sami takardar izinin ƙungiyarsu daga sarki a 1604. Abin mamaki shi ne yadda sarakuna suka shiga ciki. Sarki Maximilian na ɗaya yana da kekensa a farkon ƙarni na 16. Sarkin Rasha Bitrus Babba, wanda ya rasu a 1725, yana da ɗakin aiki na musamman da gwaninsa Andrei Nartov. Wani malamin kirista Bafaranshe mai suna Charles Plumier ya buga littafi sukutum a kan wannan fasaha a 1701. Kamfanin Holtzapffel, wanda aka kafa a London a 1794, ya ƙera kekuna sama da 2,500 kafin ya daina, da yawansu kuwa masu hali ne suka saya, waɗanda ba su da bukatar sayar da ko batta ɗaya. Abin da suke ferewa ya haɗa da ƙananan battoci na garin taba da na ajiye zobe, masu ado mai wuyar sha'ani. Wannan yayi ya ja baya a farkon ƙarni na 20, sa'an nan ya farfaɗo a hannun talakawa da 'yan fansho bayan da ƙaramin keke mai lantarki ya yi araha, har aka kafa babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa a Amurka a 1986.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi wani abu da ke ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Abubuwa biyu da gwanayen Turai suka fi so su ɗaura a keke duka na Afirka ne. Ɗaya hauren giwa, wanda a ƙarni na 19 ake kawowa daga Adamawa ya bi ta Kano zuwa Tarabulus. Ɗaya kuwa baƙin itacen nan da Sawahilawa ke kira mpingo, wanda ke fitowa a busassun dazuzzuka tun daga Senegal har gabashin Afirka.

A ƙasar Hausa ba a san aikin hannu don sha'awa kawai ta wannan fuska ba. Sana'a gado ce, tana da gidajenta da sarkinta da matsayinta a cikin jama'a, kuma ɗan sarauta da aka gani da gizago sai a tambaya ko lafiya. Abin da ya ɗan yi kama da shi shi ne ɗinkin hula da aikin riga da malamai da almajirai ke yi a zaure, amma shi ma a ƙarshe kasuwa ake kai shi. Ke nan gurbin da battar keke ta samu a Turai, na mutum mai kuɗi da lokaci wanda ke son ya gwada hannunsa, babu shi a tsarin zamanmu na da.

Yadda keken ya shigo

Ta ƙofar makaranta da ma'aikatun gwamnati sabon aikin katako ya shigo. Makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, kuma daga irin waɗannan wurare da ma'aikatun ayyuka na En'e aka sami kafintoci, masu zarto da ƙusa da katakon da aka tsaga. Sabuwar sana'a ce daban, ba ta tsiro daga gidan masassaƙa ba, ba ta kuma nemi shawararsu ba. Da mutane suka koma kwana a gadon katako da zama a kujera, sai keken ya sami abin da ke ciyar da shi, shi ya sa ake ganinsa a rumfunan kafintocin Sakkwato da Kano yana fere ƙafafun gado da na tebur. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa da ma ciniki ne babu, domin ran da ciniki ya zo ba a yi wata-wata ba.

Batta da tandu da akushi kuwa ba keke ne ya kore su ba. Kwanon sha da langa masu murfi ne, da gwangwanin man shafawa da aka wanke aka zuba kwalli, daga baya kuma roba. An ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, to ga shi akushin da kansa ya bi langa.

Hasarar da na ambata tun farko ta faru ne a tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka tsara a manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 aka fara aiki da shi a 1982. An sayo injunan koyar da fasaha masu yawa daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa ƙananan makarantun sakandare, da yawa daga cikinsu kuwa suka tsufa a cikin akwatunan da aka kawo su, saboda ba ɗakin aiki, ba lantarki, ba malamin da ya iya. A ganina tushen wannan kuskure shi ne zaton nan cewa abin da ya raba mu da ci-gaba na'ura ce kawai, in an sauke ta a farfajiyar makaranta magana ta ƙare. Da an tambayi tarihi, da ya ce a fara duba itacen da za a fere, da wanda zai saya, da wanda ya riga ya san itacen. A kwatanta da abin da ya faru a aikin tukwane. Michael Cardew ya kawo keken ginin tukwane a cibiyar da ya kafa a Abuja ta da, watau Suleja, a farkon shekarun 1950, amma wadda ta ɗaukaka sunan cibiyar ita ce Ladi Kwali, da ta shiga a 1954 tana riga ta ƙware a ginin hannu na gargajiya. Ta koyi keken, ba ta yar da abin da ta zo da shi ba.

Ra'ayina shi ne a koyar da keken sassaƙa a kwalejojin ilmi, kuma ƙaramar batta ta fi ƙafar gado dacewa da mu a yanzu. Turmi guda yana cin gindin itace sukutum, a ƙasar da manyan itatuwa suka yi ƙaranci har masassaƙa na tafiya mai nisa kafin su sami abin sara. Batta kuwa reshen da ya faɗi ya ishe ta, ko guntun da kafinta zai jefa a wuta. Muna da kanya, 'yar'uwar baƙin itacen da ake kira eboni, muna da tsamiya da aduwa, duka masu tauri da santsi. Masu sayar da turaren wuta da humra da kayan lefe suna nan suna zuba kayansu masu tsada a kwalabe da robobi, ga kuma misalin Sudan a gabanmu. Kuma ba dole sai da lantarki ba, tun da keke mai baka da mai takawa da ƙafa sun yi wa duniya aiki kafin a san waya. Sharaɗi ɗaya ne, a shigo da masassaƙan gargajiya cikin ɗakin aikin a matsayin malamai, a biya su.

Wannan sharaɗi da kaina na koye shi. Akwai wani tsohon keke mai lantarki a ɗakin aikin kwalejin da nake koyarwa, wanda na gyara na riƙa koyon fira a kansa da yamma in an sami wuta. Cikin wani hunturu na fere batta ta itacen kanya da na saya a hannun mai itacen wuta, murfinta ya zauna yadda littafi ya ce, har da 'yar ƙarar. Da na je gida hutu sai na kai wa wani dattijo masassaƙi, abokin mahaifina, ina jiran yabo. Ya juya ta, ya buɗe, ya shinshina cikinta, ya ƙwanƙwasa da farce.

Ya ce, "Malam, wagga batta ta yi kyawo. Amma iccen bai gama shan iska ba, kuma ka matse mata wuya da yawa. Bari damana ta zauna ka gani."

Na ce, "Baba, ai na auna da ma'auni."

Ya ce, "Ka auna ta yau. Icce kuwa ba shi zama inda ka bar shi."

Cikin watan Agusta murfin ya cije, sai da na naɗe shi da tsumma na murɗa da ƙarfi, wuyan ya tsage. Dattijon bai taɓa ɗora hannu a kan keke ba. Da na koma na faɗa masa, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, sai ya ɗauki gatari muka fita bayan gari, ya nuna mini wani reshen kanya da ya mutu a tsaye, ya ce irin wannan ake nema, a yanka shi gaɓa-gaɓa, a shafe bakin kowace gaɓa da kakin zuma don kada ta tsage, a rataye a rufin ɗaki inda rana ba ta kaiwa har damina biyu. Ya kuma ce in zan fere in bar wa murfin 'yar hanya, in kuwa gwada shi a watan da ya fi kowane danshi. Guntaye shida muka yanko ran nan. Suna can rataye a ɗakin mahaifiyata a Horo Birni, sun ci damina ɗaya, saura ɗaya.